Sukarin kayan marmari da rage ƙiba: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi mini

Ni malamar makaranta ce a nan cikin garin Bauchi, darasin abinci da kula da gida nake koyarwa. Shekara uku da suka wuce ciwon gwiwa ya kai ni asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ɗora ni a sikeli, ta duba, ta ce, "Malama, gwiwar nan kaya ne ya yi mata yawa." Na dawo gida da niyyar rage ƙiba, sai wata da nake ganin girmanta ta ce in bar kayan marmari kwata-kwata, wai duk sukari ne. Duk da abin da nake koya wa ɗalibai a aji, tsoro ya sa na bi maganarta. Wata biyu ban sa lemu a bakina ba, amma kullum la'asar sai na sha gorar kunun aya mai sanyi, ban taɓa sa shi a lissafi ba. Sikeli bai motsa ba, sai taurin bayan gida da na samu. Wannan ne ya sa na zauna na yi wa abin karatun ta-natsu.

Tun da jikina ya fara sauka tambayoyi ba su yanke ba, a ofishin malamai, a islamiyya, a gidan suna. Ga waɗanda suka fi dawowa, na bar su kusan yadda aka yi mini su.

Malama, da gaske ne kayan marmari suna sa ƙiba?

Abin da ke kawo ƙiba shi ne jiki ya riƙa samun abinci fiye da wanda yake ƙonawa, sai ya ajiye rarar ta zama kitse. Da kalori ake auna ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, kuma in aka jera abincinmu aka auna, kayan marmari suna can ƙasa. Giram 100 na kankana kalori 30 ne. Gwanda 43, lemun zaƙi 47, abarba 50, mangwaro 60, ayaba 89. Dafaffiyar shinkafa mai wannan nauyin tana kai 130, burodi ya haura 250. Mai kuwa, na gyaɗa ne ko manja, babban cokali ɗaya wajen kalori 120 ne. Ki tsaya gaban mai masa da safe ki ga man da take zubawa a tanda kafin ta cika miki faranti. Cokali ɗaya na man nan daidai yake da kankana giram 400, kusan rabin kilo.

Masu bincike a jami'ar Harvard ta Amurka sun bi mutum sama da 130,000 har tsawon shekara 24, suka fitar da sakamako a 2015. Abin da suka gani shi ne ƙara cin 'ya'yan itace yana tafiya ne da ɗan raguwar nauyi. Saboda haka kada ki ji tsoron lemu da gwanda. Sai dai akwai hanyoyin da mu da kanmu muke mayar da su abin ƙiba, kuma a kansu yawancin tambayoyin da ke ƙasa suke.

To ai sukari sukari ne. Me ya raba na cikin lemu da na kanti?

In ya riga ya isa cikin jini, babu abin da ya raba su. Sukarin kanti daga rake ake tatso shi, kuma irinsa ne a cikin mangwaro da abarba. Yadda yake shigowa ne ya bambanta. Ɗauki raken kansa. Sanda guda sai ki yi rabin awa kina ɓarewa kina taunawa kina tofar da tuƙa, kafin ki kai gaɓar ƙarshe muƙamuƙi ya gaji. A matse sandan nan a inji a zuba a kofi, numfashi biyu kin shanye, kina neman ƙari.

Haka ɗan itace yake. Sukarinsa yana ƙunshe a cikin nama da zare-zaren da masana ke kira faiba, ni kuwa tuƙa nake ce wa ɗalibaina don kowa ya san ta. Sai haƙori da ciki sun yi aiki kafin ya fito, don haka kaɗan-kaɗan yake isa hanta da jini, ciki kuma ya cika kafin a sha da yawa.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a rana. Ga babban mutum wannan kimanin giram 50 ne, wato ƙaramin cokalin shayi 12, ta kuma ce in aka sauko zuwa giram 25, cokali 6, ya fi. A cikin lissafin nan ta sa zuma, ta sa ruwan 'ya'yan itacen da aka matse. Ba ta sa ɗan itacen da aka ci da namansa ba.

Ni kullum ina shan lemu uku ko huɗu. Ya yi?

Yaya kike shan sa, 'yar'uwa? Mu Hausawa shan lemu muke cewa, kuma bakinmu bai yi ƙarya ba. Mai lemu ya fere ɓawon da wuƙarsa, ya yanke ɗan kai, ki kafa baki kina tsotsa kina matsawa da hannu har ya bushe, ki yar da fankon. Wannan fankon da kika yar, da farin naman da ke cikinsa, shi ne abin da mai neman rage ƙiba ta fi buƙata. Ruwan zaƙin kawai kika sha, kamar kin matse shi a kofi. Shi ya sa ake iya tsotse huɗu a tsaye a bakin titi ba a ji komai ya sauka a ciki ba, alhali kowane lemu matsakaici yana ɗauke da sukari wajen giram 12.

Ki ce wa mai lemun ya raba miki shi gida huɗu ki cinye har naman. Ko in kin gama tsotsa ki juya shi, ciki ya koma waje, ki gwaguye. Ranar da na fara yin haka, a na biyu na ji na ƙoshi. A duk abin da zan faɗa a shafin nan, wannan ne ya fi sauƙi, kuma ko kwabo ba zai ƙara miki ba.

Na sayi bilenda ina haɗa jus a gida, ba na sa sukari ko kaɗan. Shi ma da matsala?

Ya fi na kwali, amma bai kai taunawa ba. Kofi ɗaya na ruwan lemu sai an matse lemu wajen uku, sukarinsa ya haura giram 20, cokali biyar ke nan, kuma in kin tace da rariya kin zubar da tuƙar a shara. Tun a 1977 wasu likitoci a Bristol ta Ingila suka gwada wannan da tufa: a tauna ta, a markaɗe ta, a matse ruwanta. Saurin shanye ruwan ya ninka na taunawa sau 11, kuma shi ne ya fi barin mutane ba su ƙoshi ba. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana cewa jus kada ya wuce mililita 150 a rana, ƙaramin kofi ɗaya, ko da na gida ne.

In dole sai kin markaɗa, kada ki tace, kuma ki zuba iya abin da za ki iya cinyewa da baki a zama ɗaya. Abin da nake gani a gidaje shi ne a jefa ayaba biyu, mangwaro, rabin abarba, dabino shida da madara, a ce ai na lafiya ne. Wannan kofin ya fi farantin shinkafa nauyi.

To nawa ya kamata in ci a rana?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da kayan lambu a haɗe, wanda ake rabawa kashi biyar, kowanne giram 80. Dankali da rogo da doya ba sa ciki. Ga mai rage ƙiba, shawarata kashi biyu ko uku su zama 'ya'yan itace, saura ganye da kayan miya: zogale, rama, alayyafo, kabeji, kuɓewa, yalo, karas.

Ba kowa ke da sikelin kicin ba, hannunki ya isa. Kashi ɗaya kamar cikin tafin hannu ne: lemu ɗaya, ayaba ɗaya matsakaiciya, ƙaramin mangwaro ɗaya, gwaiba babba ɗaya, yanka ɗaya na kankana ko gwanda irin wanda ake sa wa a leda, ko ƙananan dabino uku. Kuma su zo a madadin wani abu. In da kina cin cincin ko biskit da ƙarfe sha ɗaya, gwaiba ta karɓi wurinsu. In aka ɗora kayan marmari a kan duk abin da aka saba ci, ƙari ne aka yi.

Wanne ne ya fi ƙarancin sukari?

A kowane giram 100, kankana tana da wajen giram 6, gwanda 8, lemu da gwaiba 9, abarba da tufa 10, ayaba 12, mangwaro 14, inabi 16. Dabino shi kaɗai yake a ajinsa, ya haura 60. Piya kusan ba ta da sukari, amma mai ne da ita, kalori 160, don haka rabi ya isa.

In za a bar ni in zaɓa, gwaiba zan ɗauka. Tuƙarta ta haura giram 5, ninki biyu na lemu, bitamin C ɗinta kuma ya ninka na lemu wajen sau huɗu, ga tauri da ke sa a daɗe ana taunawa. Mun raina ta ne don a bayan gida take fitowa. Babu dalilin da zai sa ki matsa wa kanki sayen tufa da inabin da aka shigo da su daga waje, ko sitiroberin da ake kawowa daga Jos. Na gida sun wadatar.

Lokacin mangwaro fa? Ni gaskiya ba na iya tsayawa a ɗaya.

Ba ke kaɗai ba ce. Daga watan Maris zuwa Mayu ko'ina a garin nan mangwaro ne, a baro, a faranti a kan yara, tsibi-tsibi a kasuwar Muda Lawal, kuma mu ba mu saba sayen ɗaya ba, sai roba guda. A gidanmu akwai bishiya a tsakar gida. Na san yadda ake zuba su a bokitin ruwa da yamma, a jawo kujera 'yar tsugunno, ana hira ana sha ruwan na gangarowa har gwiwar hannu, sai an ga ƙwallaye sun taru a gefe sannan a san an sha goma.

Mu yi lissafi. In naman kowanne ya kai giram 100, goma ɗin nan kalori 600 ne, sukari giram 140, cokalin shayi 35. Cikakken abincin rana ke nan, kuma bayan isha za a ci tuwo kamar ba a sha komai ba. A yi haka wata biyu, dole zane ya matse.

Ban ce a bar shi ba. Yana da bitamin A da C, kuma sau ɗaya yake zuwa a shekara. Abin da ya yi mini aiki shi ne ƙidaya kafin zama. In ɗauki ƙanana biyu, ko rabin babba irin paparanda, in wanke, in rufe robar, in bar wurin gaba ɗaya. Muddin bokitin yana gabanki hannu zai koma. Binta siga kuwa sunanta ya faɗi halinta, ɗaya ta isa. Ranar da na sha mangwaro ba zoɓo ba lemun kwalba, kuma ina rage ludayi ɗaya a shinkafar dare. Wanda bishiya ta zubar ya yi yawa a raba wa maƙwabta da almajirai tun bai lalace ba.

Tun da ana maganar: hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan nunar da mangwaro da ayaba da sinadarin kabaid. Ki saya wurin wanda kika yarda da shi, ki wanke sosai.

An ce kankana tana ɗaga sukarin jini da sauri. In bar ta?

Akwai wani ma'auni na saurin hawan sukari a jini, kuma a kansa kankana tana da maki sama da 70 cikin 100, daga nan maganar ta samo asali. Amma don a yi gwajin sai an ci kusan giram 700, saboda sama da kashi 90 cikin 100 na kankana ruwa ne. Yanka ɗaya ko biyu sukarinsa kaɗan ne, kuma a zafin Afrilu babu abin da ya fi ta hana mutum kai hannu firij ya ɗauko lemun kwalba. Inda ake wuce gona da iri shi ne a raba ƙatuwa biyu a rungumi rabi da cokali. Nama kilo biyu kalori 600 ne, daidai da mangwaron nan goma.

Da azumi fa? Ai buɗa baki da dabino sunna ne.

Sunna ne, kuma babu mai cewa ki bari. Hadisin Anas bin Malik, Allah ya yarda da shi, ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana buɗa baki da 'yan ɗanyun dabino kafin sallah, in babu da busassu, in babu ya kurɓi ruwa. 'Yan ƙwayoyi ne.

Dabino ruwansa ya bushe, zaƙin ya taru wuri ɗaya. Giram 100 kalori wajen 280 ne, sukarinsa ya ninka na kankana sau goma. Ƙanana irin na kasuwa kowanne kalori 20 da 'yan kai, uku ba za su dame ki ba. Manyan nan masu laushi da alhazai ke kawowa tsaraba kuwa, ƙwaya ɗaya tana kai kalori 66 da sukari giram 16, cokali huɗu a loma guda. Irin waɗannan ɗaya ya isa buɗa baki. Masu cin ajwa bakwai da safe saboda hadisin da ya zo a kai su ci abinsu, su dai sani kalori sama da 150 ne, sai su cire sukarin shayi su rage burodi.

Abin da ke sa wasu su fito daga azumi sun fi da nauyi shi ne abin da ke bin bayan dabinon. Kunu da sukari ludayi guda, ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, zoɓo mai sanyi, sannan kwanon haɗin kankana da abarba da ayaba da aka tuttula wa madarar gwangwani aka barbaɗa wa sukari. Bayan asham a zo a ci tuwo. Raina yana ɓaci in na ga an yi wa kayan marmari haka, domin Allah ya riga ya sa musu zaƙinsu. Yadda nake yi yanzu: dabino uku da ruwa, in yi sallah, in ci gwanda ko kankana zalla, sannan abinci sau ɗaya.

Haka kuma masu markaɗa dabino a kunun aya suna cewa ba su sa sukari ba. Dabino ashirin a jarka sukari ne, kuma tunda shan sa ake yi, babu taunawar da za ta tsayar da mutum.

Goruba, magarya, aduwa, kanya, ɗinya, su ma a ƙidaya su?

Yawancinsu busassu ake sayarwa, don haka zaƙinsu a tattare yake, amma namansu ɗan siriri ne a kan ƙaton ƙwallo. Goruba ɗaya sai ta ci miki minti ashirin kina gwaguya. Ga mai son ta riƙa motsa baki, sun fi alewa da biskit nesa ba kusa ba. Garin 'ya'yan kuka ma yana da tuƙa da bitamin C sosai. Matsalar tana farawa ne in aka jiƙa tsamiya ko goruba ko kuka aka tace aka zuba sukari don a kashe tsami. Kuma don Allah, duk abin da aka faɗa miki a kan ruwan goruba da hawan jini, kada ki ajiye maganin asibiti saboda shi.

Cin kayan marmari da dare yana sa tumbi?

A'a. Ayabar safe da ta dare kalorinsu ɗaya. Jimillar abin da kika ci a yini shi ne abin dubawa. Mai ƙwannafi ce kawai za ta guji lemu da abarba daf da kwanciya.

Malama, ni direba ne, Bauchi zuwa Gombe kullum. Ayaba da gyaɗa nake ci a hanya.

Sannu da ƙoƙari, Malam, ka fi wanda ke tsayawa a kan burodi da lemun kwalba. Ayaba matsakaiciya kalori wajen 105 ce, biyu sun isa. Gyaɗar ce abin lura, giram 100 ta haura kalori 550, kuma in ƙullin yana gefen sitiyari ba ka sanin sanda zai ƙare. Ka ɗebi cikin hannu ɗaya ka mayar da saura inda sai ka tsaya za ka iya ɗaukowa. Haɗin yana da kyau, domin gyaɗa tana sa ƙoshin ya daɗe. Ka ƙara kokwamba ko yalo, sukarinsu kaɗan ne ƙwarai.

Bikina saura wata ɗaya. In zauna a kan kayan marmari kaɗai na mako biyu?

Allah ya sanya alheri, amma kada ki yi, 'yata. Za ki ga sikeli ya sauka da sauri, sai dai yawancin abin da ya tafi ruwa ne da tsoka, saboda kayan marmari ba su da isasshen sinadarin gina jiki irin wanda ake samu a wake, ƙwai, kifi, nono da awara. Jiri da kasala za su biyo baya, ranar da kika koma cin abinci kuma nauyin ya dawo. Kilo ɗaya na kitse kalori wajen 7,700 ne, shi ya sa likitoci ke cewa rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne sauka mai ɗorewa. A wata ɗaya za ki iya rage kilo biyu ko uku in kin bar kayan sha masu zaƙi, kin rage soye-soye, kina tafiyar ƙafa da safe, kuma ki shiga ɗakinki da ƙarfinki.

Ruwan ɗumi da lemun tsami da zuma da sassafe yana narkar da kitse?

Ba ya narkarwa. In ya maye gurbin shayi mai sukari cokali uku da madara, ya taimaka ta wannan hanyar. Zuma kuwa babban cokali ɗaya kalori 64 ne, ki sa a lissafi. Ki kurkure baki bayan kin sha, tsami yana cin haƙori.

Babanmu yana da ciwon suga, mun hana shi duk wani abu mai zaƙi. Mun yi daidai?

Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri kan kulawa. Amma hana shi gaba ɗaya ya yi tsanani, kuma tsoho in an matsa masa a ɓoye zai ci. Masu ciwon suga suna cin kayan marmari, kashi ɗaya a lokaci guda, a rarraba cikin yini, a tauna, ban da jus. In kuna da na'urar gwaji a gida, ku gwada kafin ya ci da awa biyu bayan ya ci, ku rubuta, ku kai wa likitansa, ko a Asibitin Koyarwa yake zuwa ko Asibitin Ƙwararru ko na kusa da ku. Da wannan rubutun za a san abin da jikinsa ke ɗauka.

In yana allurar insulin ko shan ƙwayoyi masu saukar da sukari da ƙarfi, kada a rage masa abinci farat ɗaya. Sukari yana iya faɗuwa, ya kama rawar jiki da zufa da jiri. A wannan halin, in yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, rabin kofin jus ko sukari ƙaramin cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa shi ne taimakon gaggawa. In ya suma kada a ɗura masa komai, a yi asibiti.

Mai ciwon ƙoda kuma dokarsa daban ce, domin ayaba, lemu da dabino suna da sinadarin fotasiyam da yawa, sai abin da likita ya ce. Garehul, wato babban lemun nan mai ɗaci-ɗaci, yana karo da wasu magungunan hawan jini da na kitsen jini. Mai ciki da mai shayarwa su ma kada su shiga rage abinci ba da sanin asibiti ba.

Na rage kayan marmari, na rage tuwo, amma sikeli ya ƙi motsi.

A nan na tsaya wata biyu, don haka na san ciwon abin. Ki ɗauki littafi ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki kwana uku, musamman abin sha. Yinin mutumin Bauchi yakan fara da shayi mai sukari cokali uku, da masa wadda tun a ƙullu an sa mata sukari, wasu su ƙara barbaɗawa a kai. Da rana zoɓo ko kunun zaƙi, da la'asar fura da nono a ce a ƙara sukari, in baƙo ya zo a buɗe lemun kwalba. Robar lemu mai santilita 50 ita kaɗai tana ɗauke da sukari wajen giram 50, cokali 12, duk abin da aka yarje miki a rana. Har gwamnatin tarayya sai da ta sa wa irin waɗannan harajin Naira 10 a kowace lita a Dokar Kuɗi ta 2021. In kika haɗa lissafin za ki ga lemun zaƙi biyun da kika hana kanki ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke cikin kofuna ba.

Ni da shayi na fara, daga cokali uku zuwa biyu na mako biyu, sannan ɗaya. Harshe yana sabawa, har ya kai wanda ake haɗawa a gidan biki ya fi ƙarfina. Kunun aya na mayar da shi na ranar Juma'a.

Kada kuma ki dogara da sikeli kaɗai. Ki auna tsawonki da igiya, ki ninka ta biyu, ki zagaya cikinki daidai saman cibiya. In bakin igiyar ya haɗu, kina kan hanya.

In na je gidan mutane aka kawo mini lemun kwalba fa? Kunya nake ji in ƙi.

Wannan ya fi duk lissafin kalori wuya, domin wanda ya aiki yaro da gudu ya sayo miki lemu mai sanyi girmama ki ya yi. Abin da nake yi shi ne in riga su. Ana gama gaisuwa, kafin a kira yaro, sai in ce, "Hajiya, don Allah kada a wahalar da kowa, ruwa kawai za a ba ni, gwiwa ce ta sa aka hana ni zaƙi." Ban taɓa ganin wadda ta ji haushi ba, sau da yawa ma daga nan hira ke ɓarkewa, ita ma ta kawo nata ciwon. In an riga an kawo, ina godiya in bar shi a rufe in sha ruwan, mai gida ta mayar firij. Gidan gwaggona a Yelwa kuwa yanzu sun gane, ina sallama za ta ce wa jikarta, "Jeki bayan ɗaki ki tsinko wa Malama gwaiba."